Ƙwayar Da Nake Rabawa Huɗu Da Reza

Ɗana na fari ne, don haka ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba. A gida Abba ake ce masa, sunan kakansa ya ci. Ni kuwa har ya shekara 11 ko Abban ma ban cika faɗa ba, daga "kai" sai "wannan yaron". Haka na taso na ga ana yi a ƙauyenmu can wajen Zariya. Uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yabe shi.

A Kaduna muke zaune. Ina ɗinki a gida, maigidana kuma yana da shagon kayan masarufi a bakin titi. A 2008 na haifi Abba. Tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya, kowa ya gani sai ya ce namiji ne, zai bari. Ni ma na ɗauka ƙiriniya ce, har ranar da na zaga bayan ɗaki kwashe shanya na tarar ya ɗaure kyanwar maƙwabta da igiya, ya kunna leda yana ɗiga mata a baya. Shekararsa bakwai. Kyanwar na ihu, shi kuwa fuskarsa ba fushi ba dariya, kamar mai kallon tururuwa. Wannan fuskar ce ta hana ni barci a daren.

Daga nan sai ɗauke-ɗauke. Canjin cefane, biron 'yan ajinsu, har kuɗin adashen mutane naira 12,000 da na ɓoye cikin kwalla a ƙarƙashin gado. In ka ritsa shi zai dafa Alƙur'ani ya rantse, idonsa a bushe. Ya fasa wa yaro kai a makaranta, ya soki wani da tsinken kamfas a cinya. A tura shi makaranta a tsince shi a bakin kogi. Kafin ya cika 11 makarantun boko biyu sun sallame shi, malamin Islamiyya kuma ya zo har gida ya ba mu haƙuri ya ce mu riƙe abinmu. A layinmu in aka yi sallama da ƙarfi bayan la'asar, gabana faɗuwa yake, na san ƙara ce. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ni na san nauyin duwatsun.

Duka kam ya sha. Dorina, bel, wayar rediyo. Akwai wani soja a unguwa da Malam, wato maigidana, ya taɓa kai masa shi, ya sa shi tsallen kwaɗo har ya kasa hawa matakala kwana uku. A rana ta huɗu ya sace wayar matar sojan. Rubutu mun ba shi, tofi, hayaƙi, ruƙiyya sau biyu. Addu'a har yau ban bari ba, kuma ba zan bari ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne gutsiri-tsoman mata a gidan suna: wai ko bakin uwa ne, wai ko kurciya aka yi masa. Wani mai kemis ya taɓa ba Malam 'yan ƙwayoyi, irin waɗanda matasa ke cewa D5, wai a riƙa jefa masa a shayi ya huce. Ya yi barci, ya tashi yana tangaɗi, ya ɗora daga inda ya tsaya.

A damunar 2019 Hajiya, mahaifiyar Malam, ta yanke hukunci a kai shi gidan mari. Ban musa ba, gaskiya na gaji. An yi magana da wani gida a wata jiha, an ba da kafin alƙalami, na sayi bokiti da 'yar katifa, na ɗinka masa kaya kala uku. Saura 'yan kwanaki a tafi, a ƙarshen Satumba, labarin Rigasa ya fashe. 'Yan sanda sun shiga wani gida sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Nan cikin garinmu. Ba a jima ba aka sake bankaɗo irinsa a Daura. Ƙanwata, wadda take aikin jinya, ta turo min hotunan a waya, sannan ta kira ta ce, "Yaya, ki dubi ƙafar yaron nan da kyau, ki ce min ta Abba ce." Na zauna a kan katifar da na saya na yi kuka har na gode wa Allah.

Ita ce ta matsa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Wannan ma sai da aka kai ruwa rana. A Kano in ana son zagin mutum sai a ce a kai shi Dawanau, a Sakkwato a ce Kware, mu nan a ce Barnawa. Malam ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Ƙanwata ta ce, "Yaya Malam, da sarƙa da katin asibiti wanne ya fi abin kunya?" Bai amsa ba, amma ranar Talata ya rufe shago ya bi mu.

Na zaci za a duba shi a rubuta magani mu tafi. Likitar, mace ce mai sanyin murya, ta riƙe mu kusan awa biyu. Ta tambayi cikinsa, haihuwarsa, yaushe ya fara tafiya, ko ya taɓa faɗuwa ya bugu a ka, ko yana farfaɗiya, ko yana shaƙar sholisho, wa ke dukansa, da me, sau nawa a mako. Ta fitar da mu ta gana da shi shi kaɗai. Ta ba mu takarda a kai wa tsohon malaminsu ya cike. Sai a zuwa na biyu ta faɗi sunan abin da Turanci, ta ce da Hausa sai dai a ce larurar kangarewar ɗabi'a. Ta ce kowane yaro yana rashin ji, amma su abin da suke dubawa shi ne halin da ya zauna aƙalla shekara guda: cutar da mutane ko dabbobi, ɓarnata dukiya da gangan, sata da yaudara, da take manyan dokoki irin gudun makaranta da kwanan waje. Ta ce an fi ganinsa a maza, kuma wanda ya fara kafin shekara 10, irin Abba, ya fi wuyar sha'ani. Ta ƙara da cewa tana zargin akwai larurar rashin natsuwa da rawar kai a ƙarƙashi, wadda suke taƙaita sunanta da ADHD, don sukan zo tare.

Na ce, "To likita, a rubuta mana maganin."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Maman Abba, babu ƙwayar da ke hana yaro sata ko ƙarya. Da akwai, da na fi kowa murna. Ana ba da magani in faɗan ya kai ga barazana ga rai, ko in akwai wata larurar tare da wannan. Amma da ku za a fara, ke da babansa."

Malam ya gyara zama ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka iyayenmu suka yi mana. Ta ce, "Malam, shekara nawa kana dukansa?" Ya ce za a yi shida. Ta ce, "Ya ragu ko ya ƙaru?" Shiru ya ratsa ofishin, har ina jin ƙarar fanka.

Aka haɗa mu da wani masanin halayyar ɗan'adam, duk mako biyu. A ajiye bulala. A zaɓi halaye biyu kacal a sa wa ido, a kau da kai daga ƙananan. In ya yi laifi, hukuncin ya zama wanda ya sani tun kafin ya yi, kuma iri ɗaya ko a hannuna ko a hannun babansa, kamar hana shi zuwa gidan kallon ƙwallo ranar Asabar. Kullum in ware masa minti 15 ni da shi, ba faɗa ba nasiha. Sannan in ya yi abin kirki, ko ƙanƙani ne, in kira sunansa in faɗi abin da ya yi in yabe shi.

Wannan na ƙarshen ya fi min haɗiyar maɗaci wuya. Ni da ban taɓa kallon tsabar idonsa na ce "sannu" ba. Na yi mako guda ina juya kalmar a baki. Wata safiya ruwa ya ɗauke, ban aike shi ba, ya ɗauki jarka biyu ya ciko a rijiyar burtsatse ta masallaci. Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Abba, ka ɗebo ruwa ba a sa ka ba. Ka kyauta, Allah ya yi maka albarka." Yaron nan sai ya waiga bayansa, yana neman wanda nake yi wa magana. Da ya ga ba kowa, ya ƙura min ido ya ce, "Umma, me kike so in yi miki?" Hajiya na zaune a tabarma ta ce lallai zamani ya zo, uwa na yi wa ɗan fari kirari.

Abubuwa sun ɗan lafa, sai muka saki jiki. A Fabrairun 2020 ƙanwarsa Ummi, tana da shekara takwas, ta faɗa wa babansu ta ga Abba da naira 1,000. Da Malam ya fita masallaci, ya sunkuci dutsen guga na gawayi ya jefe ta. Allah ya sa babu wuta a ciki. Ya same ta a goshi, ɗinki bakwai. Da ya sauka ƙasa kaɗan da ba wannan labarin nake ba ku ba.

A wannan karon likita ta rubuta magani, risferidon. Kafin nan sai da aka auna nauyinsa da tsayinsa, aka gwada bugun zuciya da hawan jini, aka ɗebi jini don sukari da kitse. Ta yi mana bayani dalla-dalla: asalinsa maganin manyan larurorin ƙwaƙwalwa ne, amma ɗan kaɗan daga cikinsa yana rage fushin da ke tashi kamar fetur ya ga ashana. Na ɗan lokaci ne. Za ta duba shi bayan mako uku zuwa huɗu, in mako shida ya cika ba a ga sauyi ba a daina. Daga baya ƙanwata ta karanta min ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila ta fitar a 2013 kan irin waɗannan yaran, kusan kalma da kalma abin da likitar ta faɗa ne: kada a mayar da ƙwaya abin yau da kullum, a bar ta ga faɗan da ya gagari sauran hanyoyi, kuma ƙwararre ne zai fara ba da ita.

Ƙwayar da muka samu mai miligiram 1 ce, shi kuwa kwata aka ce a fara ba shi da dare. Kullum bayan isha'i sai in ɗauko faranti da sabuwar reza, in haska fitilar waya, in raba 'yar abar nan da ba ta kai ƙwayar wake ba gida huɗu. Wani lokaci ta tarwatse, in bi gari-garin da yatsa. In ba shi, in ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, don an gargaɗe ni. Bayan kwanaki aka mayar rabi.

Sauyin da na gani ba irin wanda na zata ba ne. Ƙarya tana nan, hannun ɓera yana nan. Amma da, tsakanin a ɓata masa rai da ya kai hannu ko ƙiftawar ido babu. Yanzu sai aka sami ɗan tsaiko, kamar na numfashi biyu, wanda zan iya cewa "Abba, fita waje" ya ji ni. A cikin wannan ɗan tsaikon duk abin da ake koya mana ya sami wurin shiga. Kuɗin da muka biya kuwa shi ne barci da ci. Yaron da sai an yi dambe yake cin tuwo ya koma malmala uku, ya tashi tsakar dare yana kankare tukunya. Cikin wata biyu ya ƙara kilo huɗu. Hajiya ta ce mun mayar mata da jika soko.

Sai korona ta zo. A ƙarshen Maris aka kulle Kaduna, kullen da ya wuce wata biyu. Shago a rufe, ba makaranta, ba ƙwallo, mu shida a ɗaki biyu, ga zafin bazara. Ranar komawarmu asibiti ta wuce muna gida. A nan na yi abin da har yau in na tuna sai na yi istigfari. Wata rana tun safe yake neman Ummi da faɗa, ya fasa madubi, ya zagi babansa. Da dare na ɗauko faranti da reza, na dube su, na mayar. Na ce a raina in rabi na yin aiki, ai biyu za su fi. Na ba shi ƙwaya biyu cur. Washegari da safe na ƙara ɗaya.

Wajen azahar na ji Ummi ta ƙwalla ƙara. Na fito na ga wuyan Abba ya murɗe gefe guda ya ƙage, idanunsa sun kafe sama sai fari, harshe ya fito, miyau na zuba. Yana jin mu, yana so ya yi magana, ba hali. Maƙwabta suka cika gidan, wata na cewa a kawo tazargade, wani ya fara karatu a kunnensa, ana ta "sun kama shi, dama mun faɗa". Ni kaɗai na san aljanin da ya kama shi, yana cikin kwalin da ke ɗaure a bakin zanena. Na kira ƙanwata ina rawar murya na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Yaya, ku tafi asibiti yanzu, ki riƙe kwalin a hannu ki nuna a shinge." Haka aka yi, wani maƙwabci ya ɗauke mu, duk shingen da muka zo sai in miƙa kwali da kati, su leƙa su ga yaron su ɗaga mana hannu. Aka yi masa allura ɗaya. Kafin rabin awa wuyan ya saki, ya fashe da kuka ya riƙe hannuna. Rabon da ya riƙe hannuna tun yana koyon tafiya.

Likita ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce wannan ƙagewar sananniyar illa ce ta irin waɗannan magunguna, ta fi kama yara maza da samari, musamman in an ƙara yawan maganin farat ɗaya. A nan na san cewa Exol ɗin da 'yan ƙwaya ke wawaso a unguwa asalinsa maganin irin wannan ƙagewar jikin ne. Ta ce, "Ranar da kika ji kin kai bango, ni za ki kira, kada ki kira kwalin." Ta rubuta min lambar da zan same su.

Bayan sallah ƙirjinsa ya fara ɗan tasawa kamar na budurwa, yana jin kunyar cire riga. Aka gwada jini aka ce wani sinadari ne mai sa nono ya hau, shi ma aikin maganin ne. Dama lokacin janyewa ya yi. Aka riƙa ragewa sannu a hankali, daga rabi zuwa kwata, daga kwata zuwa babu. Duka-duka wata huɗu da 'yan kwanaki ya yi a kansa. Kumburin ya sauka daga baya, ƙibar ce ta daɗe.

Da aka buɗe makarantu a ƙarshen shekarar, muka samu wata ƙaramar makaranta ta karɓe shi, bayan na faɗa wa shugabar komai ban ɓoye ba. Likita ta tabbatar da larurar rashin natsuwar, ta ɗora shi a kan metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Shi wannan akasin na farko ne. Ana sha da safe bayan karin kumallo, cikin awa guda ya fara aiki, bayan awa uku zuwa huɗu ya sake shi. Yana kashe cin abinci, in an sha da yamma ya hana barci, don haka duk zuwa sai an hau sikeli an auna tsayi. A mako na biyu malamar lissafi ta aiko min da littafinsa: shafi guda cikakke, daga sama har ƙasa, da rubutunsa. Na ajiye shi har yanzu. Faɗan makaranta ya ragu sosai, don yawancinsa dama daga tsokanar da yake yi ne in zama ya ishe shi.

Wahalar wannan maganin samunsa. Yana cikin waɗanda hukuma ke sa wa ido, ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Akwai watan da Malam ya zaga gari bai samu ba sai da aka aiko mana daga Abuja, kuɗin kuwa ya fi na buhun masararmu a lokacin. Ga wani tashin hankalin: abokansa suka ji labari, suka fara lallaɓa shi ya ɗebo musu. Tun da aka hana kodin a 2018 yaran unguwa ba abin da ba sa gwadawa. Na sayi ƙaramin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyana tare da carbi. Da azumi kuwa likita ta yarda a ɗaga masa, tunda wannan ba irin wanda ake janyewa a hankali ba ne kamar na farko, muka riƙa lallaɓawa har sallah.

Kada in sa ku zaci an rufe littafi. A 2022 sai da muka kwana biyu muna zirga-zirga a ofishin 'yan sanda kan wayar da aka tsinta a aljihunsa, Malam ya biya, ya dawo gida ya ɗauko bel, ya tsaya da shi a hannu ya daɗe, ya rataye. A farkon 2023 na ji a rediyo shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, na ce ko yaran da ba su yi sa'ar Abba ba za su ga amfaninta. A shekarar ce ya gama ƙaramar sakandare ya ce shi boko ya ishe shi. Muka shawarta da likita, aka ajiye Ritalin, babansa ya kai shi Panteka wajen wani mai walda, dattijo mai haƙuri wanda muka faɗa masa halin da ake ciki. Aikin ƙarfe ya karɓe shi, yana dukan abin da ba ya kuka. Har yanzu duk wata uku muna komawa asibiti, har yanzu ba na barin jakata a falo.

Ummi ce ba ta dawo daidai ba. Tabon yana nan a goshinta, tana jawo ɗankwali ta rufe. In ya shigo ɗaki takan sami dalilin fita. Da muka ƙara ɗaki ɗaya ta koma ciki da ƙannenta mata, kullum da dare sai ta jingina turmi a bayan ƙofa. Watan jiya ya dawo daga aiki da wani abu a leda, ya ɗauko sukundireba, ya durƙusa a ƙofar ɗakin nasu. Sakata ce ya ƙera da hannunsa, har da fenti kore. Ya ɗaura ta ta ciki, ya gwada sau biyu, ya ce, "Ummi, ga shi, ki bar wahalar da turmin Umma." Ta tsaya daga nesa ba ta ce komai ba. Da dare ina kwance na ji ƙarar sakatar ta shiga.